Jagorar Matafiya ko Labarin Matafiyi: Wanne Mai Neman Tsofaffin Littattafai Zai Fara Saye?

Duk wanda ya shiga shagon tsofaffin littattafai da kuɗi ƙalilan a aljihu, kuma hankalinsa yana kan littattafan tafiye-tafiye, zai tarar da kaya iri biyu waɗanda masu shago kan jera a kanta ɗaya, alhali kuwa hanyar gane darajarsu ta sha bamban. Akwai littattafan jagora, wato waɗanda aka wallafa domin matafiyi ya riƙe a hannu su nuna masa masauki da hanyar jirgi da abin da ya cancanci kallo a kowane gari. Akwai kuma littattafan labarin tafiya, waɗanda mutum ɗaya ya rubuta bayan ya dawo, yana bayyana abin da idonsa ya gani. Wanda ya ɗauka cewa tsufa kaɗai ke sa wa littafi daraja zai yi asara a kowane ɓangare, domin akwai littafin da ya haura shekara 150 wanda kuɗinsa bai wuce na sabon littafi ba, akwai kuma wanda bai kai shi tsufa ba amma ya ninka shi kuɗi sau da yawa.

A ɓangaren jagora, sunaye biyu ne ke gaba. Kamfanin John Murray na Landan ya fitar da jagorarsa ta farko a 1836, a kan wasu ƙasashen Turai, ya ci gaba da jerin har ya sayar da mafi yawansa a farkon ƙarni na 20. Na biyu shi ne Baedeker, kamfanin da Karl Baedeker ya kafa a garin Koblenz na Jamus a 1827, wanda ya koma Leipzig a 1872, ya kuma fara buga jagororinsa da Ingilishi tun 1861. Su biyun suna da jan bango da rubutun ruwan zinare, ƙanana ne daidai aljihun kwat, kuma idan an hango su daga nesa a kanta ba a cika bambanta su ba. Baedeker ne ya fi yawa a kasuwa, shi ne kuma masu tarawa suka fi bi, saboda ingancin taswirorinsa da yadda yake bin ƙa'ida ɗaya daga bugu zuwa bugu.

Abin da ke sa jagora ta yi tsada shi ne ƙarancinta, ƙarancin kuwa yana bin sawun yawan mutanen da suka je ƙasar a wancan zamani. Turawa masu yawon buɗe ido sun yi ta kwarara zuwa Suwizalan da Italiya da Faris da bakin kogin Rayin, don haka aka buga jagororin waɗannan wurare bugu bayan bugu, dubbai a kowane karo, har yau ba su yanke a shaguna ba, kuma ana samunsu da araha ko da sun kai shekara 120. Jagorar Rasha ta Baedeker kuwa sau ɗaya tak aka fitar da ita da Ingilishi, a 1914, ana dab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan shekara uku kuma ƙasar da take siffantawa ta juye baki ɗaya. Ta Indiya, ita ma ta 1914, da Jamusanci kawai ta fito. Ta Masar da Sudan bugun 1929, wadda masanin tarihin Masar Georg Steindorff ya yi wa aiki kuma ta ƙunshi bayanin kabarin Fir'auna Tutankamun da aka gano a 1922, mutane da yawa na ɗaukarta a matsayin mafi kyawun abin da kamfanin ya taɓa fitarwa. Waɗannan su ne ake nema ruwa a jallo. Ƙari a kan haka, ruwan bama-bamai da aka yi wa Leipzig a Disambar 1943 ya ƙone hedikwatar kamfanin da ajiyarsa, saboda haka abin da ya rage na tsofaffin bugu shi ne wanda ya riga ya shiga hannun jama'a.

Sai dai mai karatu Bahaushe ya kamata ya san wani abu tun da wuri: babu tsohuwar jagorar Baedeker ko ta Murray a kan ƙasar Hausa, ko ma a kan Afirka ta Yamma gaba ɗaya. Iyakarsu a wannan nahiya a wancan zamani ita ce gaɓar Bahar Rum da Masar da Sudan. Wanda ya yi karatu a Alƙahira ko Khartum zai ji daɗin ganin yadda aka siffanta Azhar da kasuwar Khan Khalili da tashoshin jirgin ruwan Nilu shekara ɗari da suka wuce, har da kuɗin masauki da na hayar jaki. Amma wanda yake neman Kano da Katsina da Sakkwato da Kukawa, dole ya tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren.

A can ne ake samun littafin da matafiyan Birtaniya Denham da Clapperton suka fitar a 1826, shi ma a hannun John Murray, wanda ya ƙunshi labarin isar Clapperton Kano a Janairun 1824 da ganawarsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato cikin shekarar. A ƙarshen littafin akwai fassarar wani yanki na Infaƙul Maisuri, littafin da Bello ya rubuta, da taswirar da aka zana wa Clapperton a fadar Bello, abin da ya sa littafin ya zama shaida a kan ilimin da ke Sakkwato a lokacin, ban da kasancewarsa labarin baƙo. Akwai kuma babban aikin matafiyi Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a Fabrairun 1851 ya rubuta bayani mai tsawo a kan kasuwarta da saƙa da rini da fataucinta. Kamfanin Longman ya buga shi da Ingilishi cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, Justus Perthes na garin Gotha ya buga na Jamusanci a daidai wannan lokaci. Irin waɗannan littattafai ba a buga su da yawa kamar jagora ba, tun ranar fitowarsu masu tsada ne, kuma ɗakunan karatu na jami'o'i sun riga sun kwashe kaso mai yawa daga cikinsu, ba za su sake dawowa kasuwa ba.

Wurin da bambancin ya fi fitowa fili shi ne wajen binciken cikar littafi, kuma a nan ne nake ganin ya kamata mai saye ya fi daɗewa. Jagora littafi ne da aka yi domin a wahalar da shi. An sa ta a aljihu, an buɗe ta cikin ruwan sama, an naɗe taswirarta an warware sau ɗari, wani matafiyin ma yakan yage taswirar garin da ya sauka ya bar littafin a masauki. Saboda haka jagorar da ta rasa taswira ɗaya ko biyu abu ne da ake gani kullum, kuma mai shago da kansa sau da yawa bai sani ba. Sa'ar da aka yi ita ce Baedeker yana rubuta adadin taswirori da zanen garuruwa a shafin suna, sannan ya jera su ɗaya bayan ɗaya a farkon littafin tare da lambar shafin da kowace take. Mutum zai iya tsayawa a cikin shago ya bi wannan jeri da yatsa cikin minti goma ya tabbatar. Na taɓa sayen jagorar Masar a wani shago saboda kyan bangonta ya ɗauke mini hankali, ban ƙirga ba, sai da na isa gida na ga babbar taswirar Alƙahira babu ita, guntun takardar da aka liƙa ta a kai kawai ya rage. Har yanzu abin yana damuna idan na buɗe ta, domin wannan taswirar ce dalilin da ya sa na so littafin.

Binciken littafi irin na Barth ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Juzu'i biyar ne, kowanne da taswirorinsa masu naɗi da hotunan da aka buga da launi a takarda ta daban, kuma waɗannan hotuna su ne abin da ɓarayin littafi ke hari. Akwai 'yan kasuwar da sana'arsu ke nan: su sayi littafi su fiffige hotuna da taswirori, su sa kowanne a gilashi su sayar ɗai-ɗai, domin jimillar kuɗin hotunan takan wuce kuɗin littafin a haɗe. Abin da ya saura sai ya koma kanta a matsayin littafi, mai gani ya zaci cikakke ne. Dole mai saye ya duba jerin hotuna da ke farkon kowane juzu'i, ya ƙirga, ya kuma tabbatar cewa juzu'an biyar bugu ɗaya ne kuma ɗauri ɗaya, ba haɗin gambiza ba ne daga gidaje daban-daban. Juzu'i guda da ya rabu da 'yan'uwansa ba ya ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin cikakken jeri, ƙasa da haka yake sosai, kuma fatan cewa wata rana za a haɗa sauran huɗun masu bango iri ɗaya yakan ɗauki shekaru ba tare da ya cika ba. Yanzu dai aikin ya yi sauƙi fiye da da, tunda an ɗauki hoton waɗannan littattafai shafi-shafi an sa a intanet, a ma'ajiya irin ta Internet Archive, mutum na iya buɗewa a waya ya gwada da wanda ke hannunsa.

Sanin wane bugu ne ke hannunka shi ma yana da hanyoyi daban a ɓangarorin biyu. A littafin labarin tafiya, bugun farko shi ne sarki, saura duk suna bayansa. Littafin Denham da Clapperton ya fara fitowa a babban girma cikin juzu'i ɗaya, daga baya aka sake buga shi a ƙaramin girma cikin juzu'i biyu, kuma na farkon ne ake biya wa kuɗi mai yawa. Na Barth yana da bugun Amurka na kamfanin Harper cikin juzu'i uku, wanda bai kai na Landan ƙawa ba, ga kuma taƙaitattun bugu da aka yi ta fitarwa daga baya, waɗanda aka zubar da rabin bayanin da ke ciki. A jagora kuwa, bugun farko ba kullum ne ya fi daraja ba. Wani lokaci na ƙarshe ne ake nema domin ya fi cika, kamar na Masar na 1929, wani lokaci kuma wanda ya faɗo a shekarar da wani babban al'amari ya auku. Shekarar da ke shafin suna ma takan yaudari mutum. Murray yakan ɗinka tallace-tallacen masaukai a ƙarshen littafi, kuma waɗannan shafuka suna ɗauke da tasu shekarar, wadda takan zo bayan ta shafin suna da shekara biyu ko uku, ita ce ke nuna lokacin da aka ɗaure wannan kwafin. Baedeker ba ya karɓar talla, amma jerin sauran jagororinsa da ke cikin bango yana yin wannan aikin. Masu tara Baedeker suna dogara da kundin da Alex Hinrichsen ya tsara na dukkan bugunan kamfanin, har dillalai kan ambaci lambar da ya ba kowane bugu.

A ɓangarorin biyu akwai sake-bugu na zamani da ake yi ta hanyar ɗaukar hoton tsohon shafi. An yi wa jagorar Rasha da ta Masar haka a shekarun 1970, kamfanin Frank Cass na Landan kuma ya sake fitar da Barth cikin juzu'i uku a 1965. Ba jabu ba ne, sunan sabon mawallafi yana nan a bayan shafin suna ga wanda ya duba, amma marar sani na iya biyan kuɗin asali a kansu. Farar takarda mai kauri takan tona asirinsu.

Batun lafiyar littafi gajere ne amma yana da nauyi. Jagora ana son ta a bangonta na asali; idan an sake mata ɗauri, ko da da fata mai kyau ne, darajarta ta faɗi, domin jan bangon nan yana cikin abin da ake saye. Littafin 1826 kuwa an saba ganinsa a ɗaurin fata da mai shi na farko ya sa aka yi masa, wannan ba aibi ba ne, in dai ɗaurin na zamaninsa ne. Hatimin ɗakin karatu da lambar da aka rubuta a gadon bayan littafi suna rage kuɗi a duka biyun. Jajayen ɗigo-ɗigon da ke fitowa a tsohuwar takarda ana yafe su idan ba su yi yawa ba, amma tabon ruwa da warin fumfuna ba a yafe su, domin fumfuna tana yaɗuwa zuwa sauran littattafan da ke kusa. Rubutun hannu a gefen shafi, wanda aibi ne a yawancin littattafai, a jagora yana iya zama abin sha'awa, idan matafiyi ne ya rubuta ranar da ya sauka wani gari da abin da ya biya.

Wanda zai kawo littafin gida Nijeriya ko Nijar sai ya yi tunanin ajiya kafin ya biya kuɗi. Takardar farkon ƙarni na 19 da tsumma aka yi ta, tana da juriya ƙwarai, shi ya sa sau da yawa za ka ga littafin 1826 ya fi na 1890 haske da ƙarfi, domin daga baya an koma yin takarda da itace, wadda ke yin ja ta riƙa karyewa. Amma bangon fata ba ya son bushewar hunturu, yakan tsage a gaɓa, danshin damina kuma yana kawo fumfuna, ga gara da kyankyaso da asu waɗanda ke bin manne da zaren ɗinki. Jagora ƙarama ce, guda ashirin za su shiga akwatin ƙarfe ɗaya a ɗora a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa. Juzu'i biyar masu bangon fata suna buƙatar kabad mai rufi nesa da bango mai laima, da mai duba su a kai a kai.

Ta fuskar inda ake samu ma ba ɗaya suke ba. Jagora tana iya ɓullowa ko'ina: a akwatunan masu sayar da littattafai a bakin kogin Sen a Faris, a shagunan garin Hay-on-Wye na yankin Wels, a kasuwar littattafai ta Azbakiyya a Alƙahira, ko ta Sahhaflar a Istanbul. Saboda tana da yawa kuma ba kowane mai shago ne ke bambanta ta Suwizalan da ta Siriya ba, har yanzu mai haƙuri yana iya yin tsintuwa. Bugun farko na Barth kuwa da wuya a same shi a ƙasan tari. Wanda yake da shi ya san abin da yake riƙe da shi, kuma hanyarsa ita ce manyan dillalai irin na layin Cecil Court a Landan ko gidajen gwanjo, inda ake ƙara la'ada mai kauri a kan kuɗin da aka sallama. Abin da ake iya tsinta da araha a wannan ɓangaren shi ne na baya-baya, littattafan ƙarshen ƙarni na 19 da na zamanin mulkin mallaka, kamar wanda Charles Robinson ya fitar a 1896 a kan tafiyarsa zuwa Kano, ko littattafan bayanin ƙasa da gwamnatin Legas ta riƙa bugawa domin ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda su ne mafi kusa da jagora da ƙasar nan ta samu a wancan zamani.

Wajen sanin farashi, kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe shafin intanet na sayar da littattafai irin AbeBooks a ga mafi tsadar kuɗin da wani ya sa, a ɗauka shi ne darajar littafin. Wannan kuɗin da mai kaya ya yanka ne, ba wanda aka saya ba, kuma littafin na iya shekara biyar a wurin babu wanda ya taya. Abin dogaro shi ne kuɗin da aka sallama a gwanjo, na kwafi mai bugu ɗaya da lafiya ɗaya da naka. A nan jagora ta fi sauƙin kimantawa, tunda kwafi da yawa na bugu ɗaya suna kasuwa a lokaci guda, ana iya jera su a gwada. Littafin labarin tafiya yakan yi shekara bai fito ba, kuma tazarar da ke tsakanin cikakke mai tsabta da wanda ya rasa taswira ɗaya tana da faɗi ƙwarai. A tuna kuma cewa dillali ba zai saya daga hannunka a kuɗin da yake sayarwa ba, sau da yawa abin da zai taya bai kai rabi ba, don haka wanda ya shiga wannan harka da niyyar juya kuɗi cikin sauri zai sha mamaki a kowane ɓangare.

Ra'ayina dai shi ne, wanda bai taɓa sayen tsohon littafi ba ya fara da jagora, kuma ya fara da mai araha. Da kuɗi kaɗan zai koyi ƙirga taswira, da gane bangon asali, da karanta shekarar bugu, da yin ciniki da mai shago, idan kuma ya yi kuskure asarar ba za ta hana shi barci ba. Ya zaɓi yanki ɗaya ya tsaya a kai, kamar Masar da Sudan da Falasɗinu da Siriya, maimakon ya riƙa kwasar duk jan bangon da ya gani. Wanda kuwa abin da ke ransa shi ne sanin yadda Kano da Sakkwato da Borno suke kafin zuwan Turawan mulki, ba ya buƙatar bugun farko don ya karanta. Bugun Frank Cass zai wadatar da shi, ko zaɓaɓɓun sassan Barth a kan Nijeriya da masanin tarihi Kirk-Greene ya tattara ya fitar a 1962, kuma zai iya ja musu layi da fensir ba tare da fargaba ba. Bugun 1826 ko na 1857 sai ga wanda ya riga ya karanta littafin ya san abin da ke cikinsa, yana da wurin ajiya mai aminci, kuma zai saya daga dillalin da ya rubuta adadin hotuna da taswirori a takardar ciniki, ya kuma amince a mayar masa da kaya idan an ƙirga an ga ba su cika ba.